Yadda za ka gane "get back" ba tare da ka ruɗe ba

Jama'a wannan get back ɗin na Turanci da muke gani kullum a saƙon waya da imel ba ma'ana ɗaya gare shi ba fa, kuma abin da zai nuna maka wacce ake nufi shi ne kalmar da ta biyo bayansa, ita za ka riƙa sa wa ido.

Asalinsa dai dawowa ne inda aka baro. Ka je Abuja ka dawo jiya da daddare, sai ka ce I got back last night, got ɗin saboda abin ya wuce. In za ka ambaci gari sai ka saka to, get back to Kano, amma banda home, shi get back home kawai ake cewa. Yadda muka raba dawo da koma haka su ma suka raba, come back dawo, go back koma, shi kuwa get back ya fi kallon isowar, lokacin da ƙafarka ta taka gida, shi ya sa za ka ji an ce what time did you get back. Kuma dan Allah a bar return back ɗin nan haka, return kaɗai ya wadatar.

To ga inda nake so ku nutsu sosai. Ka kai takardunka neman aiki, an yi maka intabiyu, an ce we will get back to you. Wallahi ba cewa aka yi an ɗauke ka ba, nufinsu kawai za su neme ka daga baya da amsa, ko ta waya ko ta imel, kuma wani lokacin ma hanyar sallamar mutum ce cikin ladabi. Abin yana min ciwo in ga matashi ya koma gida da murna ya ce wa Mama an gama magana, ta hau sa albarka tana gaya wa maƙota, alhali ba a ce masa e ba, ba a ce a'a ba. In ka ji shiru ya yi yawa ka rubuta musu ka tambaya, ba laifi ba ne, kuma kar ka daina nema a wani wurin. Kai ma in kwastoma ya tambaye ka farashi ba ka da shi a ka, ce masa let me check and get back to you, amma fa ka cika, ka kira shi.

In aiki ne ya biyo bayan get back to, komawa ce kan abin da aka ajiye, kamar get back to work bayan an idar da azahar.

Yanzu canja to ɗin nan ka sa at, magana ta koma ramuwa. He got back at me, ya rama kenan. Ka tura wa oganka I will get back at you kana nufin za ka ba shi amsa anjima, to barazana ka yi masa, ka duba da kyau kafin ka danna.

Sai inda abu yake shiga tsakiya. An cire maka kuɗi a POS ba su fito ba, daga baya banki ya maido, I got my money back. Cajar da ka ba da aro ta dawo hannunka, I got it back, it ɗin dole a tsakiya yake zama, got back it ba Turanci ba ne. Shi wanda ya maido maka kuma give back ya yi, kai ne mai get back.

Miji da mata sun rabu sun yi kome, they got back together. In kuwa gobara ta tashi ka ji ɗan kwana-kwana ya daka tsawa get back, ba tare da komai a bayansa ba, ja da baya ake ce maka, ka matsa maza.