Fita tuƙin keken tara gudunmawa da ƙaramin yaro

Iyayen da ke shirin shiga tuƙin keke na tara gudunmawa tare da ɗan ƙaramin yaro, ga 'yar shawara.

Kafin ku yi rajista, ku tambayi masu shiryawa ko akwai gajeriyar hanya ta iyalai, kuma ko za a rufe titin ga motoci. In duk babu, a ganina gara yaro ya jira a wurin ƙarewa ya sha tafi abinsa.

Hular kwano ita ce babbar magana. Ta zauna daidai, kada ta zame ƙeya, tazarar yatsu biyu kawai tsakaninta da gira. Igiyar haɓa a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ko biyu ne za su iya shiga. Don Allah a daina sayen babba wai don ya girma da ita, hular da ke rawa a kai ba ta kare komai. Jaririn da bai cika wata 12 ba kuwa, likitocin yara na gargaɗin kada a ɗora shi a keke, wuyansa bai yi ƙwari ba.

In a kujerar baya za ku goya shi, ku duba makarin ƙafa, kada diddige ya shiga wayoyin taya. In nasa zai tuƙa, ku tabbatar yatsunsa suna kai wa birki, ku tashi daga bayan ayari, gaba turereniya ce. Ku biyo shi a baya, kuna ɗan karkata ta gefen motoci.

Ruwa kuma kada a jira sai ya nema, wasa na mantar da yara ƙishi.