Yadda ake gane ko Wi-Fi na jama'a zai ɗore a birni tun kafin a hau turke

Kafin hukumar birni ta sa hannu a kwangilar shimfiɗa Wi-Fi domin jama'a, akwai lissafin da ya kamata a gama shi a kan takarda: nisan da wayar hannu take iya kaiwa, hanyar da intanet zai bi ya iso kowace na'urar Wi-Fi da za a ɗaura a turke, wutar da za ta riƙe na'urar dare da rana, da wanda zai riƙa biyan kuɗin tafiyar da aikin shekara bayan shekara. Biranen da suka yi wa wannan lissafi riƙon sakainar kashi sun ji a jikinsu. Filadelfiya ta Amurka ta sanar da shirin lulluɓe birnin gaba ɗaya a 2004, kamfanin EarthLink ya ɗauki nauyin ginawa da kuɗinsa, da fatan zai fanshe daga masu biyan kuɗin wata. A 2008 ya janye. Na'urorin da aikin ya ci sun wuce ƙiyasi, sigina ba ya shiga ɗakuna sosai, masu biya kuma ba su zo yadda aka zata ba. Shirin San Faransisko, wanda EarthLink da Google za su yi tare, tun a 2007 ya watse.

A auna nisa da wayar hannu

Takardar mai sayar da kaya za ta ce na'urar waje tana kai mita 300 ko fiye. Nisan da ita na'urar ke jefa sigina ke nan. Amma Wi-Fi magana ce tsakanin biyu, dole wayar ma ta mayar da amsa, ita kuwa eriyarta ƙarama ce, ƙarfinta kaɗan, ga tafin hannun mai ita ya rufe ta. Shi ya sa mutum zai ga sigina a cike a fuskar waya amma shafi ya ƙi buɗewa. Ƙara wa na'urar kan turke ƙarfi ba ya magance wannan. Abin da yake jawowa shi ne wayoyi na nesa su maƙale mata, suna magana a hankali, suna cinye lokacin na kusa. Doka ma ta ƙayyade ƙarfin: a Turai iyakar zangon 2.4 GHz miliwat 100 ce.

Don haka ku ɗauki mita 100 a matsayin nisa a buɗaɗɗen titi. Da'irar da ke da mita 100 daga tsakiya zuwa baki faɗinta kusan murabba'in kilomita 0.031 ne, wato na'ura 32 a kowace murabba'in kilomita. Tun da dole da'irorin su ɗan hau juna don kada a bar giɓi, a ce 40. Birni mai faɗin murabba'in kilomita 100 zai ci na'ura 4,000. Idan cunkoson gine-gine ya rage nisan zuwa mita 70, adadin ya ninka biyu, domin faɗin da'ira da nisa sau nisa yake tafiya. A nan ne kasafin kuɗi yake fashewa, kuma kuskuren mita 30 kacal ya isa.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗaura na'ura ɗaya a tsayin mita 5 zuwa 7, a zagaya da waya mai arha irin wadda yawancin mutane ke riƙewa, a sa alama a taswira duk inda sigina ya faɗi ƙasa da -67 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina). A yi wannan lokacin da bishiyoyi ke cike da ganye, domin ɗanyen ganye yana shanye sigina, awon da aka yi sa'ad da suka kaɗe zai yaudare ku. Bangon kankare mai rodi, rufin kwano da gilashi mai rufin ƙarfe duk suna tare shi. Saboda haka kada a yi wa jama'a alkawarin sabis a cikin ɗaki. Gidan da ke son haka sai an kafa masa ƙaramar na'urar karɓa a taga ko a bango, wannan kuwa wani kuɗin ne daban.

Hanyar da intanet zai iso turken

Na'urar kan turke rarrabawa kawai take yi, sai an kawo mata. Wayar faiba ce ta fi, sai dai haƙa ramin ta shi ne mafi tsada a aikin. Wayar Ethernet, wato wayar intanet ta jan ƙarfe, ba ta wuce mita 100. Inda faiba ba ta kai ba, ana haɗa turke da turke da rediyo mai fuskantar juna a zangon 5 GHz ko 60 GHz. Na 60 GHz yana da sauri ƙwarai, amma gajeren zango ne, yana son eriya ta hangi 'yar'uwarta ba shamaki, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana raunana shi.

Akwai tsarin da na'urori ke miƙa wa juna sigina har ya isa wadda ke da faiba. Shi ya ruɗi biranen farko, domin a takarda yana rage haƙa. Matsalar ita ce na'ura mai rediyo ɗaya ba ta iya saurare da aikawa a lokaci guda, don haka kowane tsalle yana raba sauri kusan biyu: megabit 200 ya koma 100, ya koma 50, a tsalle na uku saura 25, kuma duk na'urorin da ke kan layin da shi za su raba. In ya zama dole a yi haka, a sayi na'ura mai rediyo na musamman don miƙawa, kada a wuce tsalle biyu, kuma kowace na'ura uku zuwa biyar su sami mashigar faiba tasu.

Wajen sayen intanet ɗin kansa, ku lissafa da lokacin cunkoso. Mutum 40 suna aiki a kan na'ura ɗaya, kowa megabit 2, megabit 80 ke nan. Ba duk na'urori ke cika a lokaci ɗaya ba, kasuwa da rana, dandali da dare, don haka jimillar da za a saya ba ta kai wannan sau yawan na'urori ba. Gwajin farko ne zai nuna ainihin adadin.

Wuta da turke

Turakun fitilun titi ne kowa ke hange, amma a wurare da yawa makunni ɗaya ke kunna layin gaba ɗaya da magariba ya kashe da asuba. Da rana babu wuta a jikin turken. A bincika wannan titi bayan titi. A kuma san mai turken, hukuma ce ko kamfanin wutar lantarki, a sami izini a rubuce da kuɗin haya tun kafin a yi odar kaya.

Yawancin na'urorin waje ta wayar Ethernet suke shan wuta. Ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4, na 802.3at wat 30, kuma na'ura mai rediyo uku ba za ta ƙoshi da na farkon ba: za ta kunna, amma ta kashe wasu sassanta a ɓoye. In da sola za a yi, na'ura mai cin wat 25 tana shan wat-awa 600 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, ke nan yini ɗaya tak zai riƙe in hadari ya rufe rana. A ninka batirin, a sa farantin sola na wat 200 ko sama.

Tsawa da ruwa su ne manyan masu kashe kaya. Kowane turke a yi masa wayar ƙasa da abin tare wutar tsawa a kan layin Ethernet. A sayi akwati mai lambar IP67, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, amma a sani ruwa ta bakin waya ya fi shiga. A ɗaure bakin da kyau, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta hau cikin akwatin, ruwa ya ɗiga a waje.

Saitin da ke hana cunkoso

Zangon 2.4 GHz tasha uku kawai gare shi da ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, kuma na'urorin gidaje sun riga sun cika su. A tura wayoyi zuwa 5 GHz, a bar faɗin tasha a 20 MHz inda mutane suka yi yawa. Wasu tashoshin 5 GHz da na'urar hangen jirage da ta hasashen yanayi ake raba su, doka ta tilasta wa Wi-Fi ya kauce da zarar ya ji su, don haka kusa da filin jirgin sama a guje musu. A kashe saurin da bai kai megabit 12 ba, a sa wa kowane mutum iyaka, a hana wayoyin jama'a ganin juna a kan hanyar. Wayoyin zamani suna sauya lambar shaidarsu, ga masu wucewa da ke haɗawa na minti biyu, saboda haka adireshin da ake ba waya ya riƙa ƙarewa cikin minti 30 zuwa 60, in ba haka ba adireshi zai ƙare alhali sigina na nan. Shafin shiga ya zama dannawa ɗaya. Duk bayanin da aka karɓa daga mutane nauyi ne na tsarewa a ƙarƙashin dokar ƙasa, abin da ba a buƙata kada a tambaya.

Wa zai biya

Miniyapolis ta Amurka ta bi wata hanyar. A 2006 ta ƙulla yarjejeniya da USI Wireless, ita hukumar birnin ta ɗauki alkawarin sayen sabis na dala miliyan 1.25 duk shekara har shekara 10 domin ma'aikatunta. Kamfanin ya shiga aiki da tabbacin kuɗin shiga, aikin kuma ya tsaya da ƙafarsa. LinkNYC na birnin Niyu Yok, wanda ya maye gurbin rumfunan tarho a 2016, da allon talla yake ci, wannan kuwa sai titin da masu talla ke kwaɗayi, unguwannin da suka fi buƙatar sabis ɗin ba su ne ke jawo talla ba. Shirin WiFi4EU na Tarayyar Turai, daga 2018 zuwa 2020, ya riƙa ba ƙaramar hukuma yuro 15,000 na kaya da kafawa, ita kuma ta ɗauki kuɗin intanet da gyara na shekara uku. Google Station, da ya fara a tashoshin jirgin ƙasa na Indiya a 2016, kamfanin ya rufe shi a 2020, yana cewa datar waya ta yi arha. Duk mai shirin sayar da Wi-Fi a titi ya sa wannan a lissafi: abokin gasarsa yana cikin aljihun kowa.

A ganina lulluɓe birni kaf ba ya biyan kansa, kuma kuɗin jama'a ya fi amfani in an zuba shi inda mutane ke zama su daɗe: tashoshin mota da na jirgi, kasuwanni, harabar asibiti da makarantu, ɗakunan karatu, dandali. A kasafin a sa kuɗin intanet, hayar turke, wuta, ma'aikatan gyara da motar hawa turke, kayan ajiya, lasisin manhaja, da sauya na'urori bayan shekara 5 zuwa 7.

A fara da na'ura 10 zuwa 20 a wurare biyu masu bambancin yanayi, a bar su wata shida da zai haɗa da lokacin ruwan sama. A riƙa rubuta yawan masu aiki a sa'ar cunkoso, saurin da waya ke samu a bakin da'ira, awannin da kowace na'ura ta yi a mace da dalilin mutuwarta, da kwanakin da gyara ya ɗauka. A raba kuɗin wata da yawan mutanen da suka dawo fiye da sau ɗaya, a kwatanta da abin da za a kashe in datar waya aka saya musu. A kwangilar faɗaɗawa kuma a rubuta ƙarara wanda zai mallaki faiba da na'urori in kamfanin ya janye, da wa'adin sanarwar da zai bayar kafin ya kashe sabis.