Shawara kan haruffan ado masu kama da rubutun hannu

Jama'a, ga mai son amfani da haruffan nan da aka zana da hannu, masu ɗan karkacewa da rashin daidaito, irin su Amatic SC da ke Google Fonts (shafin Google na sauke nau'o'in haruffa), shawarata ita ce ya taƙaita su ga kanun rubutu, ko tambari, ko bangon littafin yara, inda kalmomin ba su wuce biyar ko shida ba. An ƙirƙire su ne domin a gan su da girma. Da zarar an ƙanƙanta su aka cika sakin layi da su, siraran layukansu kan dusashe, ido kuma ya gaji. Sauran bayanin a rubuta shi da haruffa marasa ado.

Kafin ku sauke kowane iri, ku gwada rubuta ɓ, ɗ da ƙ, domin da yawansu ba su ɗauke da waɗannan, sai manhajar ta cike gurbin da wani harafi daban wanda zai fito bare a tsakiyar kalma. Ku kuma karanta lasisinsa, tunda wasu kyauta ne ga aikin kai kaɗai, ban da na kasuwanci.