Yadda Ake Karɓar Fayil a Manhajar Intanet Ba Tare da An Shigo da Ɓarna Ba

Idan ka gina wa 'yan kasuwar Mile 12 ko Agege a Legas manhajar da ake ɗora hoton rasit ko katin NIN, ga yadda za ka yi.

1. Ƙayyade abin da za ka karɓa: JPG, PNG da PDF kawai, kada ya wuce megabait 5.

2. Kada ka yarda da sunan fayil, nan ne aka fi shan kashi. Mugu yana iya rubuta shirin PHP (umarnin da kwamfuta ke gudanarwa) ya raɗa masa suna rasit.jpg. A saba (kwamfutar da manhajarka ke zaune a kai) za ka duba farkon fayil ɗin: PDF na gaske da %PDF yake farawa. Binciken da ake yi a burauza kuwa, ko yaron shago a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, zai tsallake shi.

3. Canza wa fayil ɗin suna zuwa haruffan da kwamfuta ta zaɓo barkatai.

4. Ajiye shi inda jama'a ba za su buɗe kai tsaye ba, kuma ka hana saba gudanar da shi.

5. Tace shi da ClamAV, manhajar gano cutar kwamfuta, kyauta ce.

6. Goge bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikin hoto, don hoton waya kan ɗauki wurin da aka ɗauke shi. Katin NIN kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansa, sai mai izini zai gani.