Yadda ake gina fim ɗin 'yan sanda da aljanu a Zariya

Ƙarfin irin wannan fim a wuri ɗaya yake. Ɗan sanda yana aiki ne da shaida, abin da ido ya gani kuma alƙali zai karɓa, sai ga shi an miƙa masa ƙarar da mai laifin ba ya barin sawu. Duk fitowar da za ka rubuta, ka duba ko tana ƙara ɗaure wannan ƙullin. In ba ta yi ba, cire ta.

Kafin labari, rubuta dokokin duniyar fim ɗin a shafi ɗaya tak: me aljanin zai iya, me ya fi ƙarfinsa, kuma me mutum yake biya in ya nemi taimakonsa. Sai babbar tambaya, shin hukuma ta san da aljanun? In ta sani, dole a ga alamar hakan a caji ofis, a littafin shigar da ƙara, a ɗakin tsare mutane, har a bakin lauya. A nan fim ɗin Bright ya yi tuntuɓe, wanda Netflix ta fitar a 2017, David Ayer ya ba da umarni, Will Smith ya ja ragama, aka kashe masa kusan dala miliyan 90. An ce mana mutane da wasu halittu sun yi shekaru dubbai tare, amma birnin da aka nuna bai bambanta da na yau ba sai a fuskoki. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne zaman 'yan sanda biyu, ɗaya mutum ɗaya daga cikin halittun nan, a motar sintiri, ɗaya bai yarda da ɗaya ba. Wannan ɓangaren ba ya cin kuɗi, kuma shi ya kamata ka ara.

Don haka ka haɗa mutum biyu da ba su jitu ba. Misali, sufeto wanda ba ya yarda da komai sai abin da ke cikin fayil, da kofur ɗan cikin birni wanda kakarsa ta hana shi zama gindin tsamiya da magariba. Kada ɗayansu ya zama wawa. Kowa ya yi gaskiya sau ɗaya, ya kuma yi kuskuren da ya jawo asara.

Aikin 'yan sandan ya zama na gaske, domin mai kallo ya san caji ofis. Mai ƙara ya zo kanta, a rubuta, DPO ya miƙa wa mai bincike, a ɗauki jawabi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ga agogo nan kyauta: an kama mutumin da kowa ya gani a wurin, shi kuwa ya rantse ba ya cikin hayyacinsa, kuma sa'o'i suna tafiya. Kakin 'yan sanda da bindigar wasa kuma, nemi izinin rundunar a rubuce kafin ka fito da su titi.

Zariya ta riga ta yi maka rabin aiki. Lungunan cikin birni, ragowar ganuwa, Ƙofar Doka, tsofaffin rimaye, Dutsen Kufena daga nesa, ga tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, ga hayaniyar Kwangila da PZ. Raba su gida biyu, duniyar takarda da duniyar ɓoye, sannan ka bar su su riƙa kutsawa cikin juna. Hazon hunturu na Disamba da Janairu yana ba hoto wani duhu-duhu da kwamfuta ba za ta ba ka ba.

Wajen ɗauka ne yawanci ake faɗuwa. Wutar lantarkin Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka saita kyamara kan hoto 25 a daƙiƙa, shata (wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa. Hasken magariba bai wuce minti 20 zuwa 25 ba, a gama gwaji tun la'asar. Janareta a nisanta shi bayan katanga, a jawo doguwar waya, don ƙararsa tana kashe raɗa da takun ƙafa, su ne kuwa kayan tsoro. Idan mutum zai ɓace, kafa kyamara a kan ƙafarta kada kowa ya taɓa, ɗauki wurin babu kowa na daƙiƙa 10, sannan a ɗauka da ɗan wasa. In inuwa ta gusa tsakanin ɗaukar biyu, haɗin zai tonu. Kwalliyar roba a fuska kuma tana saki da gumi a zafin Maris da Afrilu.

A ganinmu, kada a nuna aljanin gaba ɗaya fiye da sau biyu. Ƙafa mai kofato a ƙarƙashin labule, ko fasinjan da ya biya ɗan acaba da kuɗin da suka zama ganye, sun fi jan ido da hayaƙin kwamfuta tasiri nesa ba kusa ba.

Raunin da ya fi kashe irin wannan fim yana zuwa a ƙarshe: an sha wahalar bincike minti 80, sai wani malami ko boka da ba a taɓa gani ba ya shigo ya warware komai. Abin da zai kawo ƙarshen shari'ar ya kasance an dasa shi tun minti 15 na farko, kuma ɗan sandan ne zai gano shi da kansa. Wurin ruƙiyya kuma a zaunar da malami ya duba rubutun, kada a sa aya a bakin ɗan wasan da bai iya karanta ta daidai ba, kada kuma a cakuɗa ta da bori a fitowa ɗaya. Wannan gyaran a yi shi a takarda, tun kafin a kai fim gaban hukumar tace fina-finai.