Kurakuran da ake yawan yi in ana maganar rarar cinikin Najeriya da ƙasashen waje

Duk bayan wata uku hukumar ƙididdiga ta NBS tana fitar da rahoton abin da Najeriya ta sayar waje da abin da ta shigo da shi, kuma da ya fito sai ka ga an rabu biyu, wasu na murna wai mun samu rarar tiriliyoyin naira, wato kuɗin abin da muka sayar ya fi na abin da muka sayo, wasu na cewa ƙarya ce tunda shinkafa bata sauka ba. Wallahi abin yana damuna, don yawanci ba a karanta lissafin yadda ya kamata.

Babban kuskuren shine auna komai da naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 take, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. To a ce an sayar da gangar mai ɗaya dala 80, a da naira 36,800 za a rubuta, daga baya kuma gangar nan dai ita ce naira 120,000. Ba a ƙara ko digo ba amma a takarda ciniki ya ninka fiye da sau uku. Don haka in za ka kwatanta bana da bara, nemi lissafin da dala, ko ka duba ganga nawa da tan nawa suka fita.

Sai masu ɗauka duk rara alheri ce. Tambayi kanka me muka sayar tukuna. Mafi yawan abin da ke fita ɗanyen mai ne da gas, farashinsu kuma ba mu muke yankawa ba. Sannan rara tana iya zuwa ta hanya mai ciwo, dala tayi tsada ɗan kasuwa ya kasa buɗe Form M, wato takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya daga waje, mai masana'anta ya kasa sayo inji ko kayan gyara, shigo da kaya ya ragu, sai lissafi ya nuna rara alhali ma'aikata aka sallama. Inda ya kamata ido ya tsaya shine layin kayan da ba mai ba, koko, riɗi, kashu, takin yuriya, zoɓo, nan ne za ka gane ko manomin Jigawa da dillalin Dawanau suna cikin ribar. A ɓangaren shigowa ma a rarrabe, fetur da alkama daban, injina daban. Matatar Dangote sai a Satumban 2024 ta fara samar da fetur, shi yasa adadin fetur da ake shigowa da shi daga waje ya cancanci a dinga bibiya.

Wani abin da ake mantawa, wannan rahoton kaya kawai yake ƙirgawa. Kuɗin makarantar yara a Ingila, asibiti a Masar ko Indiya, kuɗin dakon jirgin ruwa, guzurin alhazai, duk dala ce ke fita kuma a lissafin Babban Bankin Najeriya, CBN, za ka same su.

Maganar abokan ciniki kuwa, China ce kan gaba wajen kayan da muke sayowa, man mu kuma yana zuwa Spain, Indiya, Faransa, Amurka da Holan. Kar ka ga Holan ka ɗauka duk su suke shanyewa, tashar Rotterdam mashiga ce ta Turai. Wanda yafi bani takaici shine masu cewa cinikinmu da Nijar ba wani abu bane don sun ga ɗan ƙaramin adadi. Shanu, raguna da wake da ke shigowa ta Illela, Jibiya da Maigatari, da hatsi da kayan masarufi da ke tafiya Konni da Maraɗi, da yawa basa shiga takardar kwastam. In kana son sanin girmansa tambayi 'yan kasuwar kan iyaka yadda suka ji lokacin da aka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.