Babi na 4: Koya wa ƙananan kaji kwana a akurki

Darasi na 1: Kulle na kwana 7

Ku duba wannan lamba: 7. Bakwai ke nan. Ku ɗora yatsa a kanta, ku faɗe ta da ƙarfi. Bakwai. Yau da ita za mu yi aiki.

Kajin da muke magana a kansu su ne waɗanda suka kai sati 6, gashi ya rufe musu jiki, uwa ta fara korar su, ko kuma waɗanda kuka sayo daga kasuwa. Irin waɗannan ba su san akurkinku ba. Inda kaza ta saba kwana, nan take nema idan rana ta faɗi. In ta fara kwana a kan katanga ko bayan rumbu, to can ne gidanta, har ranar da muzuru zai same ta.

Ku share akurkin, ku barbaɗa toka a ƙasa saboda ƙuma. Ku sa ruwa a ƙaramin kasko, ku zuba dusa da tsakin gero. Sannan ku saka kajin, ku rufe. Kwana nawa? Kwana 7.

Idan akurkinku na laka ne ƙarami, kada ku toshe su cikin duhu da zafi. Ku kewaye bakinsa da zana ko waya, wuri mai inuwa, su ci su sha a nan da rana, da yamma ku mayar da su ciki. Amma ba su fita tsakar gida. A bazara ku duba ruwansu sau 3 a rana.

A nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Kwana 2 ko 3, sai tausayi ya kama ku, kuna jin kukansu, ku ce bari su ɗan sha iska. Kada ku buɗe. Ku ɗauki gawayi, kowace safiya ku ja layi ɗaya a bangon akurkin. Layi 3 ba 7 ba ne. Layi 5 ma ba 7 ba ne. Wanda lissafi ya ruɗe masa, ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara: in ranar Juma'a kuka saka su, sai wata Juma'ar za ku buɗe.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta sayo 'yan kaji 8, ta sake su a rana ta uku. Da magariba ita da jikokinta suna ta bin su ƙarƙashin turmi da cikin kara, aka samo 6. Da safe gashi kawai ta gani a gindin danga. Na faɗa, na sake faɗa, amma wasunku kuna gyaɗa kai a aji, ku je gida ku yi yadda kuka ga dama. Kuɗinku ne fa, ba nawa ba. Kwana 7. Ku rubuta lambar a littafinku sau 7.

Darasi na 2: Ranar buɗewa

Kun cika layi 7? Ku ƙirga tukuna. In sun cika, madalla, kun yi ƙoƙari.

Kada ku buɗe da sassafe. Ku bari sai bayan la'asar, don kada su yi nisa. Kada ku cika musu ciki da yamma. Dab da magariba, tun da sauran haske, ku watsa tsaki a bakin akurkin, ku watsa wani a ciki, kuna kiran su da kira iri ɗaya kullum. Kaza ba ta gani sosai a duhu, kuma ba ta son shiga rami mai duhu. In sun yi cirko-cirko a ƙofa, ku kunna tocilan a ciki. Ban da fitilar kananzir, gobara take jawowa.

Wadda ta ƙi shiga, kada yara su bi ta da gudu. Ku jira duhu ya yi, za ta lafe. Ku ɗauke ta da hannu biyu, fukafukai a manne, ku saka ta. Gobe ma haka. In kwana 3 suka wuce ba ta koya ba, a koma kulle, kwana 7 daga farko.

Darasi na 3: Sandar kwana

Ku gitta sanda mai kauri a ciki, ƙasa-ƙasa. Kowace kaza taƙi ɗaya na wuri. In manyan kaji suna caccakar ƙananan a ƙofa, ku raba musu wurin kwana.

Darasi na 4: Rufewa

Ku ƙirga su kowane dare, sannan ku rufe ƙofa, ku tokare da dutse. Ku rubuta adadin a littafinku, ku zo da shi aji mai zuwa.